Baba yana ICU, hankalinsa garau amma ba murya: mu sayi kwamfutar ido ko akwai wata hanya?

'Yar Aboabo ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema, musamman in akwai ma'aikatan asibiti ko masu sanin harkar kwamfuta a nan. Ku yi haƙuri rubutun zai yi tsawo, kwana da kwanaki ban yi barcin kirki ba.

Babanmu yau kwanansa 19 a ICU, wato ɗakin masu tsananin ciwo, a nan Kumasi. Abin ya faro ne da gudawa ta 'yan kwanaki, ya warke, bayan kaman sati biyu ya fara cewa ƙafafunsa sun masa nauyi kuma tafin ƙafar kaman ana tsira masa allura, mu duk mun ɗauka gajiya ce don mutum ne da ba ya zama, daga sallar Asuba sai rumfar goro sai Magariba. Kwana uku tsakani ya kasa tashi daga tabarma, daga nan hannu ya mutu, daga nan numfashi ya fara gagara. Likitoci suka ce sunan ciwon Guillain-Barré, wai garkuwar jikin mutum ce take juyowa ta far wa jijiyoyinsa. Da farko ta baki suka sa masa bututun injin numfashi, satin da ya wuce suka huda masa maƙogwaro suka mai da bututun wurin. Sun ce mana yawancin masu ciwon suna samun sauƙi amma a hankali ne, sai an yi haƙuri.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne Baba yana ji, yana gani, ya san kowa. In na shiga na ce Baba ina kwana sai ya kafe ni da ido, leɓensa na ɗan motsi amma ba sauti, ni kuma sai in fara lissafi, Baba ciwo ne? ruwa ne? a juya ka ne? Mma (mamanmu) kake nema? Duk abin da na ambata sai in ga ba shi ba ne, har hawaye ya gangaro masa ta gefen ido, kafin in gano komai lokacin ziyara ya ƙare an ce mu fita. Mutumin da duk layinmu in rigima ta tashi shi ake kira ya yi magana ta mutu, yau ga shi kalma ɗaya ta gagare shi. Wlh in na fito sai na zauna a benci na yi kukana kafin in iya neman mota.

Yayanmu da ke Jamus ya ce ya ga wata kwamfuta da mutum ke sarrafawa da ido kawai, ka kalli harafi ta rubuta, ka gama ta faɗa da murya, ya ce ko bashi ne zai ci ya saya ya aiko. Amma ni ina da shakka. Baba bai yi boko ba, bai karanta ABCD ko ɗaya. Karatun allo ya yi, ya sauke, kuma duk lissafin kasuwarsa da ajami yake rubutawa a wani littafi. Yana jin Hausa da Tonanci (yaren Asante) sosai, Turanci kuwa sai ɗan na kasuwa. Akwai wata takarda mai hotuna da wata nas ta nuna masa amma rubutun jikinta Turanci ne, kuma ba ya iya ɗaga hannu ya nuna.

To tambayata, wannan kwamfutar za ta yi masa amfani? Tana jin Hausa? Asibiti ma za su yarda a shiga da ita? In akwai wanda ya taɓa shiga irin halin nan dan girman Allah ya faɗa min yadda suka yi.

Maman Sadiya, Sawaba:

Innalillahi. Allah ya ba Baba lafiya ya sa kaffara ne. Ban san komai a kan na'urar ba amma na turo wa wata 'yar'uwata da ke aikin nas a Akra, in sha Allah za ta shigo ta amsa miki. Ki riƙa cin abinci fa, mai jinya ma yana bukatar ƙarfi.

Nas daga Mamobi:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Sannu da jinya, Allah ya ba da lada. Na yi shekaru ina aiki a irin wannan ɗakin, bari in faɗa miki abin da na sani, amma duk abin da zan ce ki tattauna shi da likitocin da ke riƙe da shi tukuna don su suka san halin da yake ciki.

Farko ki gane dalilin rashin muryar, don hankalinki ya ɗan kwanta. Murya iska ce da ke fitowa daga huhu ta bi ta akwatin murya a maƙogwaro. Hudar da aka yi masa a ƙasa da akwatin muryar take, kuma bututun yana da wani ɗan balan-balan a jikinsa da ake hurawa ya toshe hanya don iskar inji kar ta zurare sama, to iska ba ta kaiwa inda murya take fitowa, shi ya sa kike ganin leɓe na motsi ba sauti. Muryarsa ba ta tafi ba. Akwai wani ɗan bawul da ake sawa a kan bututun, wanda aka fi sani sunansa Passy-Muir, wani majinyaci ne ma David Muir da shi kansa yake kan injin numfashi ya ƙirƙiro shi tare da likita Victor Passy a Amurka. Yana barin iska ta shiga amma ba ta fita ta nan, dole ta bi ta sama, sai magana ta fito. Amma dan Allah kar wani ya saya ya zo ya maƙala da kansa, in aka sa shi ba a sace iskar balan-balan ɗin ba mutum ba zai iya fitar da numfashi ba, rai ake magana. Ki tambayi likita kawai ko Baba ya kai matsayin da za a gwada masa, kuma ki tambaya ko akwai mai koyar da magana da haɗiya da zai iya zuwa ya duba shi. Ba su da yawa a ƙasar nan amma akwai su, Jami'ar Ghana tana horar da su, haka ma jami'ar kiwon lafiya da ke Ho.

Yanzu abin da za ki yi gobe goben nan, ba sai an kashe ko sidi ɗaya ba. Ku tsayar da alamar e da a'a guda ɗaya tak da kowa zai bi. Ni ba na son ƙifta ido a matsayin e, don kowa yana ƙiftawa ba da niyya ba, sai ki ɗauka ya amsa alhali bai amsa ba, ga shi ciwon nan yakan taɓa jijiyoyin fuska ma. In idonsa na juyawa lafiya, ku ce kallon sama e ne, kallon ƙasa ko gefe a'a ne. Ki gwada shi da tambayar da kin san amsarta, sunanka kaza? a Tamale muke? goro kake sayarwa? In ya amsa daidai sau da yawa to kun samu hanya. Sai ki rubuta a takarda da Turanci manya-manya, ki roƙi shugabar nas ta bari a manna a saman gadonsa, don mu muna canjin aiki safe rana dare, wadda ta zo da dare ba ta san yarjejeniyar da kuka yi da rana ba. Wannan 'yar takardar tana rage wahala fiye da yadda kike zato.

Kuma tambaya ɗaya a lokaci ɗaya. Na ga yadda kika rubuta, ciwo ne ruwa ne a juya ka ne, haka kowa ke yi don ruɗewa, amma kafin ya shirya amsa ta farko kin wuce ta huɗu. Ki tambaya ki yi shiru ki ƙirga goma a zuci. Ki fara da babba: abin a jikinka ne? In e, sama da cibiya ne? In a'a, maganar gida ce? maganar addini ce? maganar kasuwa ce? Haka za ki yi ta rage hanya. In yana sa gilashi a kawo masa gilashinsa. Ki kuma lura da lokaci, akwai magungunan da ke sa su barci ko ruɗewa, kuma masu kwanciya a ICU da yawa hankalinsu kan ɗan gushe na wasu awoyi ya dawo, in kin ga yau amsarsa ba ta kan hanya kar ki tsorata kuma kar ki matsa masa, ki faɗa wa nas.

Maganar kwamfuta kuwa, ban ce ba ta da amfani ba. Wani bincike da Mary Beth Happ da abokan aikinta suka yi a Amurka ya nuna fiye da rabin waɗanda ke kan injin numfashi suna da farkawa da hankalin da za su iya isar da saƙo in an ba su abin taimako, kin ga ba ƙaramin al'amari ba ne. Amma ni a ce Yayanku ya dakata tukuna. Kafin a saya a aiko a fito da ita daga tasha, ta yiwu yatsun Baba sun fara motsi ko an gwada masa bawul, bukatarsa ta canza. Sannan duk abin da zai shiga ɗakin nan sai an yarda, sai wanda za a iya gogewa da maganin kashe ƙwayoyin cuta, kuma ba zai tare mana hanya ba in abu ya taso na gaggawa.

Ɗan Nima mai gyaran kwamfuta:

Salam Hajiya, Allah ya ba Baba lafiya. Anti nas ta gama magana a ɓangarensu, ni bari in yi miki bayanin na'urar don ki san abin da za ki faɗa wa Yaya.

Yadda take aiki, akwai wani ɗan sanda siriri da ake liƙawa a ƙasan sikirin, yana haska idon mutum da wani haske da ido ba ya gani, kyamarar ciki kuma tana duba inda hasken ya faɗa a kan ƙwayar ido ta lissafa inda kake kallo. In ka tsayar da ido a kan harafi ko hoto na ɗan lokaci sai ta ɗauka ka danna. Kamfanin da ya fi suna a harkar shi ne Tobii na ƙasar Suwidin, tun 2001 suke, kuma na asibiti cikakku da komai da komai kuɗinsu dubban daloli ne. Kafin a fara sai an yi saiti, mutum ya bi wani ɗigo da ido yana yawo a sikirin, kuma nan ne matsala take ga mara lafiya, in fatar ido ta sauko ta rufe rabin ƙwayar, ko ido na ruwa, ko an juya shi gefe bayan an gama saitin, sai ta rikice a sake daga farko. Ga gajiya, kallon nan aiki ne, mai lafiya ma in ya yi minti 20 sai ya ji a idonsa.

Akwai masu araha da na kyauta. Windows tana da nata tsarin sarrafawa da ido tun zamanin Windows 10, akwai kuma OptiKey wanda kyauta ne, amma duk biyun sai ka sayi sandan kuma sai ka tabbatar irin wanda suke karɓa ne. A waya kuwa Google sun fitar da Look to Speak a 2020, kyauta a Android, kyamarar gaba kawai take amfani da ita, jimloli ne a hagu da dama sai mutum ya kalli gefen da abin da yake so yake, ta yi ta raba su biyu har ya rage guda ɗaya ta faɗa. iPhone ma daga iOS 18 sun sa bin ido a ciki. Waɗannan ba su kai na asibiti daidaito ba amma ba za ki yi asarar komai ba in kin gwada.

Tambayarki ta ko tana jin Hausa, nan ne gizo ke saƙa. Kina iya rubuta jimla da Hausa a ciki amma muryar da za ta karanta ta Bature ce, in kika rubuta ina jin ƙishirwa abin da zai fito ko ke ba za ki gane ba. Maganin wannan shi ne ki nemi manhajar da ke bari ki sa hotonki ki kuma naɗi murya da kanki, kaman Cboard, ita ma kyauta ce. Sai ki ɗauki hoton kofin ruwansa, hoton Mma, hoton tasbaha, ki sa ƙaninku ko wani namiji da muryarsa ta yi kusa da ta Baba ya naɗa. Kuma shawarata a naɗa da harshe biyu a jere, Hausa sannan Tonanci ko Turanci, don wanda ake so ya ji da tsakar dare nas ce ba ku ba.

A nan ne ma nake ɗan saɓa wa Anti. Takarda da alamar ido suna aiki ne in akwai mutum a tsaye yana tambaya. To in kun tafi gida fa? Mutumin da ba ya iya danna ƙararrawa ba ya iya kira, majina ta taru masa ƙarfe 2 na dare, yaya zai yi? Amfanin na'ura kenan, tana ba shi dama shi ya fara magana, ba sai ya jira an tambaye shi ba. Stephen Hawking, masanin kimiyyar nan na Ingila, a 1985 ya kamu da ciwon huhu aka huda masa maƙogwaro muryarsa ta tafi gaba ɗaya, da kati mai haruffa ya fara, ana nuna masa yana ɗaga gira in an zo kan harafin da yake so, daga baya aka haɗa masa kwamfuta da yake dannawa da hannu, da hannun ya gaza ya koma motsa kumatu, da haka ya yi ta koyarwa har ya rasu a 2018. Kin ga da kati aka fara amma ba a tsaya a kati ba. In jinyar za ta ɗauki watanni ni ina ganin a fara shiri.

Nas daga Mamobi:

Malam gaskiyarka ne a maganar dare, ban musa ba. Abin da zan ƙara, a ICU nas ba ta nisa da gado kuma injin kansa yana ƙara in wani abu ya canza, amma injin bai san ƙaiƙayi ko tsoro ba, wannan kam haka ne. Akwai maɓalli mai laushi da ake ajiyewa kusa da kumatu ko yatsa in akwai ɗan motsi ko yaya, a tambaya ko suna da shi. Ni dai abin da na gani da idona shi ne dangi su kawo tabulet da zumuɗi, ba abin da zai riƙe ta a gaban fuskar mara lafiya, caji ya ƙare, ba wanda ya nuna wa nas ɗin dare yadda ake kunnawa, kwana biyu sai ka gan ta a cikin loka. In za a kawo a kawo da mariƙinta, a kuma koya wa ma'aikata.

Hajiyar Madina:

'Yata sannu. Ni ban san kwamfuta ba, jikata ce ma take rubuta min wannan ina faɗa mata. Amma na kwanta a irin gadon da babanki yake kwance, lokacin haihuwar autana jini ya hau min na yi jijjiga, na farka na ji abu a maƙogwarona hannuwana a ɗaure a jikin gado don kar in fizge bututun. Kwana shida na yi a haka. Shekaru sun wuce amma har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Abin da na fi so in sani a duniya a lokacin shi ne ɗan da na haifa yana raye ko ya mutu. Ba wanda ya faɗa min. Kowa ya shigo sai sannu Hajiya, Allah ya sauwaƙe, ya juya yana magana da na kusa da shi a kaina kaman ba na wurin. Ina jin su suna maganar kuɗin magani, ina jin wata tana cewa anya za ta tashi kuwa. Duk na ji. An ba ni biro da takarda na rubuta abin da nake ganin rubutu ne, ashe layuka ne kawai a karkace, suka duba suka ce tana son ruwa. Ranar ta huɗu ƙanwata ta sunkuyo ta ce min Yaya yaronki na nan lafiya yana shan madara, ya yi kama da babansa. Wallahi daga ranar na fara warkewa.

To ki ji abin da zan faɗa miki. Duk shigar da za ki yi ki faɗa masa yau wace rana ce, nawa ga wata, ƙarfe nawa, an yi Azahar ko ba a yi ba, don a ɗakin nan fitila ba ta mutuwa, ba ka sanin dare ba ka sanin rana. Ki ba shi labarin gida tun kafin ya tambaya, wa ke zama a rumfa, Mma tana cin abinci, jikoki suna zuwa makaranta. Kar a yi maganar kuɗi a gabansa ko da raɗa. In ya fara haɗa kalma kar ki yi saurin ƙarasa masa, ko kin gane ki tambaye shi, kaza kake nufi? Babba ne, a bar masa girmansa. In lokaci ya ƙare ba ku gama ba kar ki ce to shi kenan Baba ka huta, ki ce masa ban gane ba tukuna amma na riƙe inda muka tsaya gobe daga nan za mu tashi. Ni da wani ya faɗa min haka da na yi barci.

Malam na Asawase:

Allah ya ba shi lafiya. Ki tuna masa cewa sallarsa tana nan, Annabi (SAW) ya ce wa Imrana ɗan Husaini ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe, malamai kuma sun yi bayanin wanda ko wannan ya gagare shi ya yi da ishara gwargwadon ikonsa. Mutum irinsa wannan zai dame shi ƙwarai.

Sannan tunda ya yi allo, ku rubuta masa baƙaƙen a kwali da irin rubutun da ya saba, na Warshu, fa da ɗigo a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, kar ku bugo na waya don ya sha bamban. Ku jera su layi huɗu. Mai nunawa ya fara tambayar layi, na ɗaya? na biyu? in ya amsa sai a bi baƙaƙen layin ɗaya bayan ɗaya. Kuma a kira su da sunan da ya koya yana yaro, kaf lasan, ɗa mai hannu, ha kuri, lam ara, zai fi saurin kamawa. A samu almajiri ko ɗaya cikin abokansa ya raka ki in ke ba ki iya ba.

'Yar Aboabo ta rubuta:

Jama'a Allah ya saka muku da alheri, ban samu dawowa ba sai yau kwana biyar. Na karanta kowanne sau ba adadi, na Hajiya kuwa sai da na ajiye wayar na yi kuka don duk abin da ta lissafa mun yi shi a gaban Baba ba da sani ba, har maganar kuɗin.

Ga inda muke. Alamar sama da ƙasa ta kama tun ranar farko, shugabar nas ta karɓi takardar da hannu biyu ta manna da kanta. Kwalin kuma limamin masallacinmu ne ya rubuta da tawada da alƙalaminsa, muka kai aka rufe shi da leda mai tauri don a riƙa gogewa, ƙanina da ya yi allo shi ke nunawa ni ina rubuta abin da ya fito. Kalmar farko ta ɗauke mu kusan duk lokacin ziyara, mun ɓata sau uku muna komawa baya. Abin da ya fito shi ne ido. Ashe idonsa ba ya rufuwa duka in yana barci, ya bushe yana masa raɗaɗi kaman an zuba yashi, hawayen da nake gani ina cewa kuka ne wani ciki na wannan ne. Muka faɗa wa likita, yanzu ana ɗiga masa magani ana kuma rufe masa idon da dare. Kwana nawa yana fama da wannan ni ina tambayarsa ko ruwa yake so.

Washegari ya haɗa sunan wani mutum da yake kawo masa goro daga ƙauye, sannan ya haɗa biya. Muka duba littafinsa muka ga ragowar kuɗin mutumin, ƙanina ya tura masa ta MoMo, wato kuɗin waya, a gaban Baba ya nuna masa saƙon, na ga yadda fuskarsa ta saki. Jiya kuma abin da ya tambaya shi ne wa ke ba tumakinsa abinci.

Na gwada Look to Speak a wayata amma hannuna na rawa kuma idon nasa bai gama warwarewa ba, ta yi ta zaɓar abin da bai nufa ba har ya gaji ya rufe ido, sai na bari. Mun yi magana da Yaya ya yarda ya dakata da sayen babbar, zai aiko da tabulet dai. Ƙanina ya fara naɗar murya a Cboard da Hausa da Tonanci, mun sa goma kawai tukuna, majina, juya ni, zafi, sanyi, ido, salla, kira min 'yata da sauransu. Likita ya ce maganar bawul sai numfashinsa ya ƙara ƙarfi, amma babban yatsansa na dama ya fara ɗan motsi shekaranjiya, ya ce alama ce mai kyau.

Malam na Nima dan Allah tambaya biyu. In yatsan ya ƙara ƙarfi akwai maɓallin da za a haɗa da tabulet ya riƙa dannawa ba sai da ido ba? Sannan mariƙin da Anti nas ta ce, irin wanda ake ɗaurawa a ƙarfen gado, ana samu a Adum ko Kejetia ko sai an aiko daga Akra?

Ɗan Nima mai gyaran kwamfuta:

Alhamdulillah, wlh na ji daɗin labarin nan. E akwai, Android tana da wani tsari sunansa Switch Access, haske zai riƙa bin hotunan ɗaya bayan ɗaya shi kuma ya danna in ya zo kan wanda yake so, maɓalli ɗaya ya isa, kuma kina iya rage gudun hasken daidai ƙarfinsa. Mariƙi ki duba wurin masu kayan waya a Adum, ki ce mai dogon wuya da ake matsewa a jikin tebur, amma ki auna kaurin ƙarfen gadon kafin ki je kuma ki jijjiga shi a shagon ki ga ba ya lanƙwashewa da nauyin tabulet. In ba ki samu mai ƙarfi ba ki faɗa min, zan duba a Circle nan Akra in sa miki a motar Kumasi ranar Asabar.